Neman shawara: yadda za a daidaita ƙarfin sautin karatu tsakanin Windows, Mac da Linux

Mai Adana Karatu ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida dukkan 'yan'uwa da ke wannan zaure, musamman masu ilimin sarrafa sauti, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin ina so wanda zai ba ni amsa ya ga matsalar kamar yadda nake ganinta.

Ni ne aka ɗora wa alhakin tattarawa da adana karatun da malaminmu yake bayarwa a wata makarantar Islamiyya a Zariya. Abin da ya taru a hannuna ya kai ɗaruruwan darussa, kuma ba hanya ɗaya aka bi wajen ɗaukarsu ba. Akwai tsofaffin kaset-kaset da muka juye zuwa kwamfuta, akwai waɗanda aka ɗauka da ƙaramar rikoda da ake ajiyewa a gaban malam, akwai na waya, sannan akwai amsoshin tambayoyi da malam ya aiko ta WhatsApp. Kwamfutoci uku muke aiki da su: ta ofis mai ɗauke da Windows 10, tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka mai ɗauke da Ubuntu, wanda nau'i ne na Linux, da kuma MacBook ta abokin aikina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na jera darussan na saurare su a kwamfutar ofis, sai in ji muryar malam ta daidaita daga darasi zuwa darasi, babu wanda ya ɗara wani ƙara ta yadda kunne zai damu. Bisa wannan ne na gamsu, na juye su a katin memori, muka raba wa ɗalibai. Ba a yi mako guda ba ƙorafi ya fara shigowa. Wani dattijo da yake sauraro a mota ya ce mini hannunsa ba ya barin maɓallin murya, domin sai ya ƙure ta kafin ya ji darasin kaset, da zarar na gaba ya shigo kuma sai lasifikar motar ta nemi tsagewa. Da na koma na saurare su a Ubuntu da kuma MacBook ɗin abokina, sai na tarar gaskiyarsa ce, kuma abin ya dame ni ƙwarai, saboda amana ce aka ba ni.

Na gwada abin da ake kira Normalize a cikin Audacity, manhajar tace sauti, na kai kowane fayil zuwa desibel ɗaya (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ƙasa da ƙololuwa, amma kunne bai ji wani canji na a zo a gani ba. Tambayata ita ce: shin akwai wani saiti da zan kunna a kwamfutocin nan uku domin su riƙa fitar da sauti da ƙarfi iri ɗaya? Sannan me ya sa idan na ajiye murya a kan 50 a wannan kwamfuta, na ajiye ta a kan 50 a waccan, ba na jin abu ɗaya? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniyan Ɗakin Naɗi ya amsa:

Wa alaikumus salam warahmatullah. Malam, Allah ya ba da ladan wannan hidima. Kafin in shiga dogon bayani, ina so ka duba abu guda a kwamfutar ofis ɗinku. Ka buɗe sashen Sound da ke cikin Control Panel, ka zaɓi lasifikar da kake amfani da ita, ka shiga Properties, sannan ka duba shafin Enhancements. Ina kyautata zaton za ka tarar an kunna wani abu mai suna Loudness Equalization. Aikinsa tamkar a zaunar da mutum ne hannunsa a kan maɓallin murya, yana ƙarawa idan sauti ya yi ƙasa, yana ragewa idan ya yi sama, a daidai lokacin da sautin yake fita. Bai taɓa fayilolinka ba ko kaɗan, ya dai rufe maka ciwon da ke cikinsu ne, shi ya sa da suka bar wannan kwamfuta ciwon ya bayyana. Ubuntu da MacBook ba su yi maka laifin komai ba, su ne ma suka gaya maka gaskiya.

Saboda haka shawarata ita ce ka daina neman saitin da zai haɗa kan manyan manhajojin nan uku, domin babu shi, kuma ko da akwai shi, ba zai bi katin memori zuwa motar dattijon nan ba. Gyaran da zai yi amfani shi ne wanda aka yi a cikin fayil ɗin kansa.

Dalilin da ya sa Normalize bai biya maka buƙata ba kuwa shi ne, ƙololuwar sauti kaɗai yake dubawa, wato wuri ɗaya tak da ya fi ko'ina ƙara a cikin fayil. Ka ɗauka a darasin awa guda malam ya yi tari sau ɗaya kusa da rikoda, ko wani ɗalibi ya buga ƙofar zaure, ko hannun rigar malam ya gogi makirufo. Wannan tarin ko bugun ƙofar shi ne manhajar za ta ɗauka ta kai shi desibel ɗaya ƙasa da iyaka, ta bar karatun awa guda a can ƙasa inda ta same shi. A wani darasin da babu tari babu bugun ƙofa kuma, sai ta ɗaga muryar gaba ɗaya. A ido zanen sautin duka biyun ya taɓo sama, a kunne kuwa tazarar na iya kai desibel 10, wanda a jin ɗan Adam ya yi kusa da ninki biyu na ƙara.

Gidajen rediyo da talabijin sun daɗe suna fama da wannan matsala, musamman yadda tallace-tallace suke shigowa da ƙara fiye da shirin da ake kallo. A shekarar 2006 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta fitar da ma'auni mai lamba BS.1770, wanda yake auna sauti bisa yadda kunne yake jinsa, yana rage muhimmancin ƙasan sauti mai kauri da kunne ba ya ji sosai, yana kuma ɗan ƙara wa na sama nauyi. A 2010 Tarayyar Kafafen Yaɗa Labarai ta Turai, EBU, ta gina shawararta mai suna R128 a kansa, ta ce kowane shiri ya tsaya a kan -23 LUFS. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta yi dokar da ta hana tallan talabijin ya fi shiri ƙara, aka fara aiwatar da ita a ƙarshen 2012. LUFS ɗin nan shi ne awon da kake buƙata. Ana yanka sautin ne gutsattsari, kowane gutsure bai kai rabin daƙiƙa ba, a auna kowanne, a zubar da wuraren shiru da waɗanda suka yi ƙasa sosai, sannan a fitar da matsakaicin sauran. Ka ga ke nan tari guda ba zai iya jan ragamar darasin awa guda ba, kuma shirun da malam yake yi yana buɗe littafi ba zai ruɗi awon ba.

Ga irin aikinka ba zan ba ka shawarar -23 ba, domin an tsara shi ne don gidajen watsa shirye-shirye, kuma a ƙaramar lasifikar waya cikin hayaniyar kasuwa ko a mota zai yi ƙasa da yawa. Apple yana neman -16 ga masu shirye-shiryen magana a dandalinsa, Spotify kuma yana daidaita nasa a kan -14. Ni -16 nake zaɓa ga duk abin da yake magana ce zalla.

Yadda za ka yi a aikace: tun fitowar Audacity 2.4 a 2020 aka saka masa wani aiki daban mai suna Loudness Normalization, wanda ba shi ne Normalize da ka gwada ba. Ka rubuta masa -16, sannan ka biyo shi da Limiter, wato linzamin da ke hana sauti wuce iyaka, ka tsayar da iyakar a wajen desibel ɗaya da rabi ƙasa da ƙololuwa, domin shi Loudness Normalization ba ya kula da ko tarin malam zai fashe bayan an ɗaga murya. Tun da darussan suna da yawa, ka haɗa matakan biyu a cikin Macro, wato jerin matakan da Audacity ke maimaitawa da kansa, ka sakar masa fayilolin gaba ɗaya ya yi ta aiki kana wata hidimar. Idan kuma ba ka jin tsoron rubuta umarni, akwai manhajar sarrafa sauti mai suna ffmpeg da take yin wannan da layi ɗaya, kuma layin iri ɗaya ne a Windows da Mac da Linux:

ffmpeg -i darasi.wav -af loudnorm=I=-16:TP=-1.5:LRA=11 -ar 48000 sabo.wav

Abu ɗaya zan ja hankalinka a kai game da kaset. Idan ka ɗaga muryar da aka ɗauka a ƙasa, tare za ta taso da shuuu ɗin kaset da gurnanin wutar lantarki, wanda a ƙasarmu yake kan 50 Hz (Hz awo ne na kauri ko sirantakar sauti, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), da ƙugin janareta idan akwai. Ka fara tace duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, domin muryar mai magana ba ta da wani abin kirki a can, ka rage shuuu ɗin a hankali ba tare da ka cinye harufan malam ba, sannan daga ƙarshe ka daidaita ƙarfi. Idan ka juya tsarin, sai ka sake awo.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta ta amsa:

Assalamu alaikum. Injiniya ya warware babbar tambayar, ni kuma zan tsaya a kan ta biyu, wato dalilin da ya sa 50 ba ta zama 50 a ko'ina ba, domin tambaya ce da ɗalibaina suke yawan yi mini.

Malam, lambar da kake gani a jikin maɓallin murya ba awo ba ce, matsayi ne kawai tsakanin shiru da ƙarshen abin da wannan na'urar za ta iya, kuma kowace babbar manhaja da yadda take rarraba wannan tazarar. A Ubuntu, misali, lissafin da ake bi shi ne a ninka lambar da kanta sau uku, ta yadda idan ka ajiye maɓallin a rabi, ainihin ƙarfin siginar da ke fita kashi ɗaya ne cikin takwas, wato kimanin desibel 18 ƙasa da ƙarshe. Windows da Mac kowannensu yana da nasa lanƙwasar, kuma a Windows har direban sautin da aka saka, wato 'yar manhajar da ke sarrafa na'urar sautin kwamfutar, yana da ta cewa. Bayan duk wannan sai a zo kan ƙarfen kansa, domin amfilifayar da ke cikin tsohuwar kwamfutarka da wadda ke cikin MacBook ba ɗaya suke ba, haka ma lasifikokinsu. Ko da manhajojin sun yi ittifaƙi a kan lissafi, kunnenka ba zai ji abu ɗaya ba.

Ina kuma gargaɗinka game da wani zaɓi da ke cikin saitin sautin Ubuntu, wanda yake ba da damar wuce 100 har zuwa 150. Mutane da yawa suna kunna shi idan suka ci karo da fayil mai rauni, sai su manta da shi a kunne, da zarar fayil mai ƙarfi ya shigo sai sautin ya tsage. Ƙarin da yake yi ya haura desibel 10, kuma ba shi da linzamin da zai tare abin da ya wuce iyaka.

Sai dai ina so in ɗan saɓa wa Injiniya a wuri ɗaya, cikin girmamawa. Yadda ya yi bayani, mai karatu zai iya ɗauka cewa daidaita sauti a matakin babbar manhaja ba shi da wani amfani, alhali yana da wurinsa. Gyaran fayil yana yiwuwa ne ga abin da ka mallaka. Wa'azin da ake watsawa kai tsaye, da taron da ake yi ta Zoom inda wani yake manne da makirufo wani kuma yake can nesa, da bidiyoyin intanet da kowa ya ɗora nasa yadda ya ga dama, waɗannan ba ka da ikon gyara su. Mahaifiyata jinta ya yi rauni, kuma Loudness Equalization ɗin nan ne ya sa take iya bin tafsiri a kwamfuta ba tare da ta riƙa kirana in ƙara mata ko in rage mata ba. A Linux abin da ke yin wannan aiki shi ne EasyEffects, wanda a da ake kira PulseEffects, kuma yana tafiya ne a kan PipeWire, tsarin sautin da Fedora ya koma kansa a 2021, Ubuntu kuma ya bi sahu daga fitowar 22.10. A cikinsa akwai Autogain, wanda yake amfani da awon R128 ɗin da Injiniya ya ambata. Idan Ubuntu ɗinka ya girmi wannan fitowar, to PulseEffects za ka nema. Shi kuwa Mac ba ya zuwa da irin wannan saiti na gaba ɗaya. Abin da yake da shi shi ne Sound Check a cikin manhajar Music, wanda yake aiki a kan abin da ke cikin wannan manhajar kaɗai, sai dai mutum ya saka wata manhaja daga waje irin su SoundSource.

Sharaɗin dai shi ne wanda matsalarka ta koya mana: kwamfutar da ake tace sauti da ita, dole a kashe mata duk waɗannan abubuwa, domin mai gyara yana buƙatar jin fayil ɗin yadda yake.

Tsohon Ma'aikacin Laburare ya amsa:

Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, aikin adana takardu da kaset na yi har na yi ritaya, kuma da wannan idon nake kallon maganar. Ɗana, ina roƙonka kada ka yi wannan gyara a kan asalin abin da kuka juye. Ka ware kwafi na asali a matsayin WAV ko FLAC, nau'ikan fayil da ba sa zubar da ingancin sauti, ka ajiye shi a wurare biyu, kada kowa ya taɓa shi. Kaset yana lalacewa, kuma wataƙila juyin da kuka yi shi ne na ƙarshe da zai yiwu. Duk tacewar da ka yi yau da kayan aikin yau, wanda zai gaje ka zai iya samun abin da ya fi shi, amma ba zai iya dawo da abin da ka goge ba. Haka kuma duk lokacin da aka buɗe MP3 aka gyara aka sake fitar da shi a matsayin MP3, wani abu na ingancinsa yana zubewa, saboda haka waɗanda kake da asalinsu ka yi aiki daga asalin.

Akwai wata hanya da ba a ambata ba, wadda ta fi kwanta mini a rai ga ma'ajiya. Sunanta ReplayGain, David Robinson ne ya gabatar da ita a 2001. Ana auna fayil ne a rubuta sakamakon a jikinsa a matsayin 'yar alama, cewa a ƙara wa wannan desibel kaza ko a rage masa kaza, ba tare da an canza sautin ba. Sabon tsarinta yana amfani da awon LUFS ɗin nan, yana nufar -18. Manhajar foobar2000 tana iya aunawa da rubutawa, VLC kuma yana karanta alamar a dukkan manyan manhajojin nan uku idan aka kunna masa zaɓin. Tana ma bambance awon fayil guda da awon jerin fayiloli, wanda zai yi maka amfani idan darasi ɗaya ya rabu gida biyu saboda juya kaset.

Rauninta shi ne sai mai kunnawa ya san da alamar, kuma yawancin rediyon mota da ƙananan wayoyi da akwatunan sauti masu cin memori ba su san da ita ba. Saboda haka ga abin da za a raba wa jama'a, maganar Injiniya ita ce abin bi. Ga waɗanda ba ka da su sai a MP3 kuwa, ka gwada MP3Gain, wanda yake canza ƙarfin a cikin fayil ɗin da matakan desibel ɗaya da rabi ba tare da ya sake matse sautin ba, kowace na'ura za ta ji canjin, kuma ana iya mayar da shi yadda yake.

Mai Adana Karatu ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Injiniya, na duba, kuma kamar yadda ka faɗa na tarar an kunna shi. Da na kashe shi na sake sauraro, sai kwamfutar ofis ta faɗi abin da sauran biyun suke faɗa. Baba, na bi umarninka, na ware asalin kafin in taɓa komai. Malama, na gode da gargaɗin, domin kuwa nawa Ubuntu ɗin a kan 150 na same shi.

Na gwada darussa goma da ffmpeg, na kai wa dattijon nan ya saurara a motarsa, ya ce yanzu yana iya barin maɓallin ya huta. Sai dai abubuwa biyu sun rage. Na farko, uku daga cikin goman har yanzu ina jin sun ɗan ɗara sauran ƙara, alhali awon ya nuna duka suna kan -16, kuma na lura dukkan ukun na ƙaramar rikoda ne. Na biyu, idan ɗalibi ya yi tambaya daga bayan zaure, har yanzu ba a jin abin da ya ce, sai dai a ji amsar malam, kuma sau da yawa amsar ba ta fahimtuwa idan ba a ji tambayar ba.

Injiniyan Ɗakin Naɗi ya sake amsawa:

Madalla, Malam. Na farkon mai sauƙi ne. Ina zaton ƙaramar rikodar tana ɗauka ne da layin sauti ɗaya, sauran kuma suna da biyu, na dama da na hagu. Awon yana ƙirga layi ɗayan ne shi kaɗai, amma idan aka kunna fayil ɗin yana fita ta lasifika biyu, sai ƙarfinsa ya ƙaru da kimanin desibel 3. Ko dai ka kai masu layi ɗaya zuwa -19, ko ka ƙara dual_mono=true a ƙarshen umarnin loudnorm, bayan LRA=11 da alamar ɗigo biyu. A Audacity ma akwai akwatin da ake cikewa don wannan a cikin Loudness Normalization.

Na biyun ba aikin daidaita fayil da fayil ba ne, domin tazarar a cikin darasi guda take. Kana iya matse sautin gaba ɗaya don kusanto da na ƙasa zuwa na sama, amma idan ka matsa da yawa, duk lokacin da malam ya yi shiru ƙarar fanka da motsin takarda za su taso su cika wurin, kuma wannan yana gajiyar da mai sauraro fiye da matsalar farko. Abin da nake yi a irin wannan hali shi ne in bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, in zaɓi wurin da hannu, in ɗaga shi shi kaɗai da desibel 8 zuwa 12 gwargwadon nisan mai tambayar, sannan in yi awon ƙarshe. Aiki ne mai cin lokaci, don haka ka fara da darussan da aka fi nema. Ga karatun da za a ɗauka nan gaba kuma, ka roƙi malam, cikin ladabin da ya dace, ya riƙa maimaita tambaya kafin ya amsa, ko ku samu makirufo na biyu da za a riƙa miƙa wa mai tambaya. Idan ka gama da darasi ɗaya mai yawan tambayoyi, ka kawo mana awon da ka samu kafin gyara da bayansa, in duba maka ko matsin ya yi yawa.